Wani Maroƙi Ne Na Unguwa

An ce wai goge ya dawo. Jikata Balkisa ce ta kawo mini labarin, wata ranar Alhamis da hantsi, ina zaune a ƙofar ɗaki ina kankare goro a magogi saboda haƙora sun daina aiki. Ta jingine motonta, wato babur ɗinta, ta tsuguna ta gaishe ni, sannan ta ce a cikin gari yanzu akwai gidajen shan kafe, wato gahawa, inda samari da 'yan mata masu karatun boko suke taruwa ranar Lahadi da la'asar, ana yi musu kiɗan mutanen da. Kiɗan hannu, in ji ta: goge, molo, ƙwarya. Har nasaru suna zuwa su zauna. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A zamaninmu, in aka ga ɗan mutunci tsaye inda ake goge, kafin ya isa gida labarin ya riga shi, kuma bulala tana jiransa a zaure.

Ta ce, "Kaka, tsaya ka ji. Wannan ita ce waƙar da suka fi so. A wani tsohon faifai suka same ta."

Ta latsa wayarta ta kara mini a kunne. Da farko shuuu kawai nake ji, kamar ruwan sama a kan kwano. Sai zakara ya yi cara. Can baya ana daka, har na gane gidan da ake dakan. Sai wani ya yi gyaran murya sau biyu, na biyun ya fi na farko tsawo. Tun bai ja gogen ba na san ko wane ne. Magogin ya faɗi daga hannuna.

Balkisa ta ce, "An rubuta a ƙasa wai mai goge, Bahaushe, Wagadugu, ba a san sunansa ba. Kaka, ai kai ɗan tsohon Zango ne. Ka san shi?"

Na sunkuya ina laluben magogi a ƙasa. Na ce mata, "Masu goge da yawa ne a lokacin."

Zangon da na tashi a ciki, unguwar Hausawa ta Wagadugu, ba shi ne wannan ba. Wani sashe an rushe an dasa benaye, mutanensa sun watsu bayan gari, abin da ya rage kuma ya cika da ƙarar moto da injin niƙa. A da kunne kaɗai ya isa ya gaya maka inda rana take. Da asuba kiran salla da tarin tsofaffi a hanyar masallaci, sai guga ya fara bugun bakin rijiya, sai taɓarya ta ɗauka daga wannan gida ta miƙa wa wancan, matan Mosawa, mutanen ƙasar, suna wucewa da itace a ka suna kiran ciniki da harshensu. Gidanmu gidan goro ne tun kakanni. Aikina tun ina ƙarami shi ne in kwance huhu, wato ƙunshin goro, in baza goro a tabarma, in ware fari da ja, in tsince mai ƙwaro, in canza ganye, in yayyafa ruwa, in sake ɗaurewa. Yatsu su rine, baya ya ƙage. Babanmu yana zaune a kan buzu da carbi, ba ya duban ka, amma ya san goron da ka jefa a baki. Yakan ce goro ba ya son hannu mai zafi kuma ba ya son yaro mai surutu. Mutum ne mai gaskiya, ban taɓa jin ya cuci kowa ba. Sai dai a wurinsa mutane kashi biyu ne, masu bayarwa da masu miƙa hannu, kuma ba ya son a haɗa su a tabarma ɗaya.

Kawu Tanko yana cikin kashi na biyu. Ƙanin Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yadda aka yi babanmu ya auri 'yar gidan makaɗa ban sani ba, kuma ba maganar da ake tayarwa ba ce a gidanmu. Kawu ba ya wuce zaurenmu. Ɗakinsa yana can ƙarshen unguwa, kusa da turken jakuna, kuma kullum bayan la'asar Inna takan rufe akushin tuwo da tsumma ta ce in kai wa wata tsohuwa. Ni da ita mun san tsohuwar. A can nakan tarar da shi gindin ceɗiya, da tsofaffin fatake kewaye da shi, mutanen da suka taka Gwanja da ƙafarsu tun ba a san mota ba. Yana da waƙoƙin biki da na raha, har da waɗanda ba a rerawa gaban yara, amma wadda tsofaffin nan suke zuwa dominta ita ce waƙar hanya. Daga ubansa ya karɓe ta. Tana bin zango-zango tun daga ƙofar gari har kurmin goro, kuma a kowane zango sai ta tsaya ta kira waɗanda suka kwanta a wurin: wane ɗan wane, ruwa ya ci shi a mashigi, wane, ciwon ciki, an rufe shi gindin kuka, wane, ya koma neman jakinsa bai dawo ba. Ba a rawa, ba a tafi. Sai ka ga dattijo mai furfura ya ja bakin rawani ya rufe fuska don an iso kan ƙaninsa.

A nan na koyi abin da bai kamata ɗan gidan goro ya koya ba. Ni nake shanya gogen a rana don fatar guzan ta ɗame, ni nake shafa ƙaro a tsagiya, wato gashin wutsiyar dokin da ake gogawa. Daga baya ya fara ɗora mini shi a cinya. Ba ya kiran sunana, sai dai ya ce ɗan Yaya. "Kada ka shaƙe tsagiyar, ɗan Yaya. Taɓa ta kawai, ita ta san abin da za ta faɗa." Damina biyu na yi kafin in fitar da sautin da jakuna ba su tanka masa ba. Ranar da wani nasara ya zo da akwati mai faifai biyu suna juyawa, ni na riƙe masa sandar da ke ɗaukar murya. Ya yi rubutu da yawa a takarda, amma ban ji ya tambayi sunan Kawu ba.

Ƙamshin ƙaro ne ya tona ni. Wata safiya ina miƙa wa babanmu goro, ya kama hannuna ya kai hanci. Bai doke ni ba, da ma dukan ya yi. Ya sa aka kawo toka da ruwa, na wanke hannu sau uku a gabansa, sannan ya ce, "Zaɓi ɗaya. Hannun da ke shafa gashin doki ba zai taɓa mini goro ba." Na zaɓi goro. Ban ga laifin kaina a wannan ba, har yau. Yaro ne ni, kuma ko Kawu da na gaya masa cewa ya yi, "Ubanka ya yi gaskiya. Goge ba ya ciyar da mutum biyu."

Daga baya ya daina ciyar da ko mutum ɗaya. Tsofaffin fataken suka bi juna zuwa kushewa, goro ya koma zuwa a mota da jirgin ƙasa, direba ba shi da zangon da zai tuna. Radiyo ya shigo, kaset ya biyo shi, mai biki ya gane cewa akwati ba ya cin tuwo. Masu wa'azi kuma suka sa goge a gaba, suka ce kiran aljanu ne, har matan da ke gayyatar Kawu bikin suna suka fara kawar da kai in sun hango shi. Yau ga shi 'ya'yan masu wa'azin ne suke biyan kuɗin kujera don su ji abin da iyayensu suka kora.

Abin da ya faru ranar aurena ba ni da wanda zan ɗora wa. Babanmu ya riga ya rasu, ni ne maigida, ina da rumfata a Rood Woko, babbar kasuwa. Matar da na nema 'yar wani attajirin atamfa ce, gidan karatu da tsanani, kuma na sha wuya kafin su yarda da asalina. An ɗaura aure da safe, aka dawo zaurenmu cin abinci, manyan surukaina suna jere a kan darduma. Sai na hango Kawu yana tahowa. Ya sa rigarsa guda ɗaya mai kyau, wadda shuninta ya koɗe a kafaɗa, ya rataya gogen cikin jakar fatar akuya. Na tashi da sauri na tare shi a bakin ƙofa.

Fuskarsa cike da murna ya ce, "Ɗan Yaya, Allah ya sa alheri! Wata uku ina ɗinka maka waƙa. Tun daga kakan kakanka na ɗauko ta."

Na rage murya na ce, "Kawu, ba yau ba. Don Allah ba yau ba."

"Baiti uku kawai. In ka ce in tsaya, in tsaya."

Kafin in amsa, wan surukina ya leƙo daga cikin zaure, ya dubi jakar, ya dube ni. Ya ce, "Ango, wane ne wannan bawan Allah?"

Na ji bakina ya ce, "Wani maroƙi ne na unguwa." Na sa hannu a aljihu na ciro 'yan kuɗi na danƙa masa a tafin hannu.

Kawu ya dubi abin da ke hannunsa, ya daɗe yana dubawa. Na zaci zai watsa mini su a fuska, kuma da ya yi haka da na samu sauƙi. Sai mutumin nan da ya sha ɗaukata a wuya ya durƙusa a gabana, ya ɗaga hannu ya jinjina, ya buɗe murya yadda maroƙa suke yi don kowa ya ji: "Allah ya ja zamanin ango! Allah ya ƙara arziki, maigida!" Surukaina suka ce amin. Ya miƙe, ya gyara ratayar jakarsa, ya juya.

Inna tana bayan ƙofar cikin gida, ta ji komai. Washegari da na je gaishe ta, ta bari na gama durƙusona sannan ta ce, "Na ji jiya ka sallami maroƙi. To, yayar maroƙin ta amsa gaisuwarka." Ta zauna a gidana har ƙarshen ranta, ta yi renon 'ya'yana, amma ba ta sake karɓar goro daga hannuna ba. Sai dai ta aika a sayo mata a bakin titi.

Kawu ya bar unguwa a wannan shekarar. Na ce wa kaina ya tafi yawon kiɗa ne, kuma na bar maganar haka har damina shida ko bakwai, sai wani direba ɗan Nijar ya ce mini ya gan shi a Pissy, wurin masu fasa dutse. Na hau mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗina, na tafi da rana tsaka. Tun daga nesa hayaƙin tayar da suke ƙonawa don dutse ya tsage yake shaƙe mutum. Rami ne mai zurfi, mata suna hawowa da faranti cike da dutse a ka, ko'ina ƙarar guduma, ba wadda ta dace da wata. Na same shi ƙarƙashin wata rumfar buhu, ya miƙe ƙafafu, da tulin tsakuwa a tsakaninsu. Ya naɗe yatsunsa da robar taya. Biyu daga cikinsu sun karye sun warke a karkace.

Na tsuguna na gaishe shi. Ya amsa da kyau, ya tambayi iyali. Na ce, "Kawu, tashi mu tafi gida."

Ya ce, "Wane gida, maigida?"

"Kawu, ka daina ce mini maigida."

"To me zan ce?"

Na tambaye shi gogen. Ya ce gara ta ci fatar, sauran kuma ya hura wuta da shi wata damina da itace ya jiƙe. Na ce, "Waƙar da ka yi mini fa?" Ya yi tari mai tsawo, ya tofar, ya ɗauki gudumarsa. Ya ce, "Na manta ta. Sai da na yi aiki kafin in manta, amma na manta." Ya ci gaba da fasa dutse, ni kuma na tsaya a kansa kamar mai jiran awo. Na ce zan dawo ranar Juma'a. Juma'ar ta zo ina kasuwa, ta gaba ina hanyar Abijan. Da na dawo da kaya aka ce mini ya rasu, har an yi kwana arba'in, abokan aikinsa ne suka rufe shi. Ban je na tambayi inda aka sa shi ba. Kunya ta hana ni, daga baya kuma sai na saba.

Bayan Balkisa ta kunna mini wayar nan, mako uku abinci ba ya mini daɗi. Ran nan na ce mata ta kai ni. Ta ɗora ni bayan motonta ranar Lahadi, ina riƙe da hula da hannu ɗaya. Wurin tsakar gida ne mai inuwar mangwaro, an jera kujerun katako, an rataye ƙore da tsofaffin faifai a bango don ado. Kowa da ɗan kofinsa da wayarsa. Wani saurayi Bamoshe mai suna Isaka ne yake goge, an jona masa igiyar lantarki, kuma in faɗi gaskiya hannunsa yana da kyau. Wata yarinya take rerawa. Ba ta jin Hausa, da kunne ta kwashe kalmomin, sai suka fito a tauna. Da suka ɗauko waƙar hanya sai na ji sun ƙara mata sauri, sun sa mata ganga. Mutane suka tashi suna rawa. Daidai inda ake cewa ruwa ya ci wane a mashigi, a nan suka fi tafi, wata ma har da guɗa. Ban ji haushinsu ba. Ba wanda ya gaya musu, kuma wanda ya kamata ya gaya musu yana zaune a kujera ta baya da kofin da bai taɓa ba.

Da aka tsaya hutu Balkisa ta jawo Isaka. Ya cire hula ya durƙusa, ya gaishe ni da Mosanci, ya kira ni Yaaba, wato kaka. Ya ce shekara uku yana bin tsofaffi yana tambayar mai wannan murya, don duk abin da ya iya a wurinsa ya koya, ko da yake bai taɓa ganinsa ba.

Na ce, "Sunansa Tanko. Ƙanin mahaifiyata ne. Ni na riƙe sandar ranar da aka ɗauki muryar."

Balkisa ta juyo ta dube ni. Isaka kuwa ya miƙe ya faɗa wa jama'a, wuri ya ɗauki tafi, aka kewaye ni da wayoyi. Suna son hotonsa, ba ni da shi. Suna son sauran waƙar, don abin da nasaran ya ɗauka bai kai rabin hanya ba. Na rufe ido na nema, na samu zango biyu da sunaye huɗu, daga nan sai duhu. Na gaya musu dai cewa ba waƙar rawa ba ce, mutane ne ake kira waɗanda ba su dawo gida ba. Yarinyar mai rerawa ta rufe baki da hannu. Sai Isaka ya ce, "Yaaba, ka kai mu kabarinsa. Ko addu'a mu yi masa."

A hanyar gida na gaya wa Balkisa komai, bakina a bayan kunnenta, iska tana kwashe rabin maganar. Ba ta juyo ba. Da muka isa ta riƙe ni na sauka, ta ce, "Gobe da safe za mu je Pissy, Kaka. Ko ba ka so."

Muka je mu uku, Isaka da gogensa a baya. Ramin ya ƙara zurfi, hayaƙin yana nan, gudumar tana nan. Muka yi ta tambaya rumfa-rumfa, ba wanda ya san wani Tanko, har aka nuna mana wata tsohuwa Bamosa da ta fi kowa daɗewa a wurin, idonta ɗaya ya mutu. Balkisa ta yi mata bayani. Tsohuwar ta ajiye guduma, sannan ta ce ta tuna wani Bahaushe mai karyayyun yatsu, wanda in yana aiki yakan yi ta gunguni a maƙogwaro, in ka matso sai ya daina. Ta ce mijinta yana cikin waɗanda suka wanke shi, su mata kuma suka haɗa kuɗin likkafani. Na tambayi kabarin. Ta nuna yamma da haɓa, inda gidaje suka cika fili har iyakar gani, ta ce can wajen ne, amma ita yanzu ba za ta iya cewa nan ko can ba.

Isaka ya ciro gogen ya zauna a kan dutse, ya ja waƙar a hankali yadda na gaya masa. Guduma ba ta tsaya ba, da ƙyar nake jin sa. Tsohuwar ta saurara kaɗan, ta gyaɗa kai, ta ce haka yake yi, wannan ne. Sannan ta juyo da idonta mai gani ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta tambayi Balkisa ko ni wane ne. Ban jira a fassara mini ba, ina jin Mosanci. Na ce mata ni ɗan yayarsa ne.

Ta ce, "Ɗan yayarsa? A nan garin kake?"

Na ce a nan nake.

Ta ɗauki gudumarta, ta gyara dutsen da ke gabanta. Ta ce, "Shekara shida muna zaune rumfa ɗaya da shi. Mun tambaye shi, ya ce mana ba shi da kowa."